Alberta da Saskatchewan: Ranar Haihuwa Ɗaya, Arziki Daban

Ku ɗauka ga wani titi a gabanku. A garin Lloydminster yake, yammacin ƙasar Kanada. Wanda ya tsaya a gefen yamma yana lardin Alberta ne, in ya tsallaka gabas ya shiga Saskatchewan. Gari ɗaya ne, magajin gari ɗaya, mutane wajen 31,000, amma iyakar larduna biyu ta raba shi ta ciki. Kuma kusan biyu cikin kowane mutum uku sun zaɓi zama a ɓangaren Alberta. Me ya sa? Shin can ɗin ya fi daɗin zama ne?

Lardunan nan tagwaye ne. Rana ɗaya aka ƙirƙire su, 1 ga Satumban 1905, girman ƙasarsu kusan ɗaya, dukkansu kuma da noman alkama suka tashi. Abin da zai ba ku mamaki shi ne Saskatchewan ce gaba a farko. A ƙidayar 1931 tana da mutum 921,000 da ɗoriya, Alberta kuwa 731,000. A lokacin Saskatchewan ce ta uku a yawan jama'a a duk Kanada.

Sai fari ya faɗa mata. A shekarun 1930 farashin alkama ya karye, ruwa ya ɗauke, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana kaiwa wani wuri. Cikin 'yan shekaru abin da mutumin Saskatchewan ke samu ya ragu da fiye da biyu bisa uku. Alberta ma ta ji jiki, amma nata da sauƙi.

Ranar 13 ga Fabrairun 1947 aka dace da man fetur a Leduc, kudu da Edmonton, babban birnin Alberta. Daga nan hanya ta rabu. Matasan gonakin Saskatchewan suka riƙa ɗaure kaya suna nufar yamma, shekara bayan shekara. A ƙidayar 2021 Alberta ta haura mutum miliyan 4.2, Saskatchewan na miliyan 1.1. Birnin Calgary na Alberta kaɗai ya fi dukkan Saskatchewan jama'a.

To a nan ne mai kwatantawa yakan yi tuntuɓe. In ka ɗauki jimillar dukiyar da kowane lardi ke samarwa a shekara, ta Alberta ta ninka ta maƙwabciyarta kusan sau huɗu. Sai ka ce an gama magana. Amma bakin da ake ciyarwa ma kusan sau huɗu ne. Raba dukiyar da yawan kai, sai ka ga tazarar ta tsuke ƙwarai: a 'yan shekarun nan Alberta ce ta ɗaya a cikin lardunan Kanada goma, Saskatchewan na biye da ita. Babbar tukunya ba ita ke nuna kowa ya ƙoshi ba, sai an ƙirga masu ci.

Daga ina Saskatchewan ke samun nata? Ƙarƙashin gonakinta akwai fotash, wato gishirin ƙasa da ake haɗa takin zamani da shi, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na wanda duniya ke amfani da shi daga nan yake fitowa. A arewa akwai yuraniyam, makamashin nukiliya, a mahaƙu irin su Cigar Lake da McArthur River. Wajen kashi 40 cikin 100 na ƙasar noman Kanada a hannunta yake, ga alkama, ga kanola da ake matse man girki da ita. Tana da fetur ɗinta ma, ita ce ta biyu a ƙasar. Alberta kuwa ita ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen man Kanada, mafi yawansa daga yashin nan mai cuɗe da kwalta da ke kewayen Fort McMurray.

Ko wannan lissafi na kowane kai ma a yi hattara da shi. Ganga ɗaya ta mai in ta fito, kuɗinta duka ana rubuta wa Alberta, alhali wani kaso riba ce ta masu hannun jari da ke zaune a Toronto ko Amurka. Dubban ma'aikatan filayen man jirgi ke kawo su, su yi makonni, su koma gida da albashinsu har gabashin ƙasar. Abin da aka samar a wuri daban, abin da ya kwana a aljihun mutanen wurin daban.

Don haka mu leƙa aljihu. Shekaru da dama iyalin Alberta su ne suka fi na kowane lardi samun kuɗi, wannan ba gardama. Sannan Alberta ba ta karɓar harajin saye na lardi, sai kashi 5 na gwamnatin tarayya kawai. A Saskatchewan ana ɗora kashi 6 a kan wancan. Bambancin ya yi ƙarfin da sai da gwamnatin Saskatchewan ta yafe harajin a ɓangarenta na Lloydminster, don in ba haka ba babu mai shagon da zai zauna, kowa zai tsallaka titi.

Amma kuɗi shiga suke yi su fita. A Saskatchewan kamfanin wutar lantarki na gwamnati ne, SaskPower. Na waya ma akwai na gwamnati, SaskTel. Inshorar mota ta dole a hannun SGI take, ita ma ta gwamnati. A Alberta an saki waɗannan ga kasuwa, kuma inshorar motarta na cikin mafi tsada a ƙasar, farashin wuta kuma yakan yi tsalle in kasuwa ta yi zafi. Gida a Regina, babban birnin Saskatchewan, a 2024 kaɗan ya haura rabin kuɗin irinsa a Calgary. Ka ga mai babban albashi a Calgary zai iya kai ƙarshen wata da abin da bai kai na ɗan'uwansa na Regina ba.

Wannan bambanci ba faɗowa ya yi daga sama ba, wahalar fari ce ta haife shi. Manoman Saskatchewan da suka ga ba su da mai ceto sai junansu, su suka zaɓi Tommy Douglas ya shugabanci lardin a 1944. Gwamnatinsa ta kawo inshorar asibiti ga kowa a 1947, shekarar da Alberta ta samu mai. A 1962 aka faɗaɗa ta zuwa ganin likita, likitoci suka yi yajin aiki na kwana 23, gwamnati ba ta janye tsarin ba. Daga baya duk Kanada ta ɗauka, har da Alberta.

Kada kuma a ɗauka can aljanna ce. A farkon shekarun 1990 bashi ya kusa durƙusar da Saskatchewan, har a 1993 aka rufe ko aka rage aikin asibitocin karkara 52. Kusan kashi 17 cikin 100 na jama'arta 'yan asalin ƙasar ne da Turawa suka tarar, kuma a garuruwansu na arewa, kusa da mahaƙun yuraniyam ɗin nan, talauci da ƙarancin gidaje sun fi ko'ina tsanani. Matsakaicin lissafi ba ya nuna su.

Ciwon Alberta kuwa hawa da sauka ne. A 2006 kuɗi ya yi yawa har gwamnatin Ralph Klein ta raba wa kowane mazauni dala 400. Daga 2014 gangar mai ta rikito daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, rashin aikin yi a Calgary ya kai wajen kashi 10 cikin 100, dogayen gine-ginen ofis suka zama kango. A ganina nan ne rashin harajin saye ke cizo: gwamnatin da ke biyan malamai da ma'aikatan jinya da kuɗin mai, kasafinta a hannun kasuwar duniya yake. Peter Lougheed, shugaban gwamnatin Alberta na shekarun 1970, ya hango haka, ya kafa asusun ajiya a 1976, amma waɗanda suka biyo baya suka daina zuba kuɗin mai a ciki a 1987.

Mu koma titinmu na Lloydminster. Asibitin garin a ɓangaren Saskatchewan yake, agogon garin kuma na Alberta yake bi. A 2018 Alberta ta kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa, lokacin na gefen gabas bai wuce 11 da 'yan kai ba, mai wankin kwano in ya tsallaka titi ya ƙaru da kusan dala 4. Alberta ta bar shi a nan bai motsa ba. Saskatchewan ta riƙa ƙarawa, ta kamo ta a Oktoban 2024, a Oktoban 2025 kuma ta wuce ta zuwa dala 15.35.