Kuɗin wata ga kowa da kowa: darasin Iran

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ku na baya, kuna ji na? To, madalla.

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce wannan shawara da ake ta muhawara a kanta a duniya, wato gwamnati ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa wani abu duk wata, mai kuɗi da talaka, mai aiki da marar aiki, ba tare da wani sharaɗi ba. Abu uku zan taɓo: inda aka gwada, abin da yake yi wa tattalin arziki, sai kuma ko 'yan siyasa za su yarda.

Na farko. A jihar Alaska ta Amurka, tun 1982 ake raba wa mazauna jihar ribar asusun man fetur sau ɗaya a shekara. Shekarar farko dala 1,000 kowa ya samu, har jarirai. Finland ta gwada a 2017 da 2018 da marasa aiki 2,000, Yuro 560 a wata. A Suwizalan kuwa an kai maganar gaban jama'a a 2016, kusan kashi 77 cikin 100 suka ce ba sa so. Waɗannan mu wuce su. Ni a kan Iran nake so mu zauna, don ciwonta irin namu ne.

Iran tana da mai, ta daɗe tana biyan tallafin mai, ana kwashe man ana tsallakawa da shi maƙwabta. Kun san labarin, ko? A Disambar 2010 gwamnatin Ahmadinejad ta ɗaga farashi, litar da ake saya riyal 1,000 ta koma 4,000. Amma ku saurari yadda suka yi. Kafin ranar ƙarin, sai da aka zuba wa kowane magidanci kuɗi a asusunsa, riyal 455,000 a wata a kan kowane mutum na gidansa, kusan dala 45 a lokacin. Mutum yana ganin kuɗin da idonsa, amma ba ya iya cira sai ranar da farashi ya tashi. Ku riƙe wannan: kuɗin ya riga ƙarin shiga gida. Ya riga shi! Mu nan Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, sai daga baya aka zo da maganar naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15.

Kuma ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Da fari Iran ba ta yi niyyar ba kowa ba. Masu ƙaramin ƙarfi ta so ta tace. Aka raba takarda kowa ya rubuta samunsa. To wa zai rubuta cewa yana da shi? (dariya) Wanda aka cire ya tayar da jijiyar wuya, don ga maƙwabcinsa da ya fi shi an sa shi. Gwamnati ta ga abin ba zai yiwu ba, ta ce duk wanda ya yi rajista a ba shi, mutum sama da miliyan 70 suka shiga.

'Yan uwa, wannan jerin sunaye shi ne ramin da tallafi ke faɗawa. Da zarar an ce za a zaɓa, to an haifar da mai zaɓa, mai zaɓa kuma yana da dangi, yana da jam'iyya. Ku dubi tsohuwar da ke sayar da daddawa a bakin kasuwa, kuɗinta ƙulle a haɓar zani. Ba ta da waya, ba ta da asusun banki, ba ta san ranar da masu rubuta suna suka zo ba. Ita aka yi shirin dominta, ita ce kuma ba ta ciki. In ko an ce na kowa ne, ba wanda zai ce mata shi ya sa ta, ba kuma wanda zai zo ranar zaɓe ya tuna mata. Kun ga na riga na shiga maganar siyasa ke nan: ɗan siyasa ya fi son abin da ke bi ta hannunsa.

Muna na nawa? Na biyu, ko? To, Iran ɗin ma ta yi tuntuɓe. Abin da take rabawa ya fi abin da ƙarin farashin ya kawo mata, ga takunkumi ya zo a 2012, riyal ya faɗi, tsada ta haura kashi 30 cikin 100. Adadin kuma aka bar shi yadda yake shekara da shekaru, har ya zama bai taka kara ya karya ba. Alaska ba ta shiga wannan ba, don daga ribar asusu take biya. Mu yi lissafin namu: mutum miliyan 200, naira 5,000 kacal, tiriliyan 1 ke nan a wata, tiriliyan 12 a shekara, alhali kasafin tarayya da aka sa wa hannu na 2024 tiriliyan 28.7 ne. Don haka ni ba na cewa gobe a fara. Ina cewa a ware kuɗin da aka tsira da su daga tallafi, a raba daidai, ko kaɗan ne.

Na ga hannu. Bismillah, Hajiya.

(Mai tambaya: Malam, wannan ba zai sa matasa su miƙe ƙafa su daina nema ba?)

Allah ya saka da alheri, Hajiya, tambaya ce mai kyau. A Kenya ƙungiyar GiveDirectly tana ba mutanen wasu ƙauyuka na Siaya da Bomet kusan dala 22 a wata, da alkawarin shekara 12. Wasu ƙauyukan kuma aka ba su dala 500 a dunƙule. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna mutane ba su rage aiki ba, sun dai bar ƙwadago sun koma sana'ar kansu. Waɗanda aka ba a dunƙule su suka fi buɗe shaguna. Masu karɓar na wata-wata kuwa, Hajiya, kin san me suka yi? Adashi suka shiga, don su ma kuɗin ya zo musu a dunƙule su ja jari.