Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Ɗakin Gwajin Miyagun Ƙwayoyi

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan ɗakin gwaji ina yi maka lale marhabin. Mun san hidindimu sun yi maka yawa, don haka wannan tattaki ba ƙaramin karamci ba ne a wurinmu.

Aikinmu shi ne gano ƙwayoyi masu zaburar da jiki, irin su hodar iblis da amfetamin da metamfetamin, a fitsari ko jini ko yawu ko gashi. Jini ba ya daɗe riƙe su. Fitsari kan kai kwana 2 zuwa 4, kuma a cikinsa ba hodar iblis ɗin kanta muke bi ba, abin da jiki ya mayar da ita muke nema, wato benzoylecgonine. Gashi kuwa ba shi da mantuwa, yana tsiro kusan santimita 1 a wata, kenan santimita 3 daga tushe labarin wata 3 ne.

A teburin farko za ka ga ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari, cikin minti 5 sakamako ya fito. Nan fa mutane suke ruɗewa, ranka ya daɗe. Tsinken nan zargi kawai yake yi. Maganin mura mai pseudoephedrine na iya sa shi ya nuna amfetamin ga wanda ko a hoto bai taɓa ganinta ba, kuma a kan takardar wannan sakamako ake korar mutum daga aiki ko a gurfanar da shi a kotu. Shi ya sa duk samfurin da ya nuna alama sai ya shiga ɗakin ciki, wurin na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ta farfasa kowanne, ta auna nauyin gutsattsarinsa. Sai sun yi daidai da na sinadarin asali da muka ajiye don kwatance kafin in sa hannu. Masu surka fitsari da ruwa kuwa, awon kiriyatinin, wani sinadari da jiki ke fitarwa a fitsari wanda ke raguwa idan an surka, ke tona musu asiri.

Kukanmu yana kan sinadaran kwatancen nan. Sababbin ƙwayoyi, musamman dangin cathinone da ake haɗawa a ɓoye, sukan wuce tsinke bai gan su ba, mu ma ba ma iya tabbatar da su in ba mu da na asalin a hannu. Muna roƙon ka duba mana wannan.

Ga farar riga da safar hannu can bakin ƙofa. Bismillah, ranka ya daɗe, mu fara da wurin da ake liƙe kwalabe da hatimi.