Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Bikin Kiɗan Ɗaki na Marlboro

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Hakimai da 'yan majalisa da suka rako Sarki, iyayenmu da yayyenmu da suka taso tun asuba daga New York da Boston, barkanku da zuwa, sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, 'yan uwa mazauna wannan yanki na Amurka ne suka ɗora mini nauyin yi maka maraba. Akwai waɗanda suka fi ni shekaru da iya magana a cikinsu, sai dai ni na fi kowa zaryar wannan tudu, shi ya sa igiyar ta faɗo a wuyana. Mun san tafiyar ba kaɗan ba ce: wajen awa huɗu a mota daga New York, sannan hawan nan mai kwana-kwana daga garin Brattleboro. A gida yanzu damina ta kankama, gero ya rufe kafaɗa. A nan jihar Vermont kuwa wannan ne ɗan lokacin ɗumin da suke samu, don haka suke cinye shi da kiɗa kafin ƙanƙara ta dawo ta kulle su a ɗaka.

Da Sarki ya ce yana son ya ga yadda mutanen nan suke renon makaɗansu, wasu sun ba da shawarar a kai shi manyan ɗakunan wasa na birni. Mu muka roƙi a kawo shi ƙauye. Ga dalilinmu.

Wannan biki na Marlboro an kafa shi a 1951. Waɗanda suka kafa shi baƙi ne kamar mu, yaƙi da mulkin Hitler suka raba su da Turai. Akwai Adolf Busch, gwanin gogen Turawa, Bajamushe da ya ƙi yin wasa a ƙasarsa tun 1933 saboda zaluncin 'yan Nazi. Akwai surukinsa Rudolf Serkin mai kaɗa piyano, da ƙanen Adolf, Hermann Busch, da Marcel Moyse mai busa sarewa tare da ɗansa Louis da matar ɗan, Blanche. Gine-ginen da Sarki yake gani farare ɗin nan asalinsu gidajen gona ne da aka mayar kwaleji. Busch bai daɗe ba, ya rasu a 1952, Serkin ya riƙe ragamar har rasuwarsa a 1991. Yau Mitsuko Uchida da Jonathan Biss ne ke jagoranci, dukansu makaɗan piyano. Kwalejin ma ta rufe a 2020, sai masu bikin suka sayi filin a 2021 don kada ya suɓuce musu.

Abin da suke kira kiɗan ɗaki, ranka ya daɗe, kiɗa ne na mutum uku, huɗu, biyar, wani lokaci takwas. Kowa da nasa layin, babu mai ɓuya a bayan wani. Kuma babu mutumin nan mai 'yar sanda a hannu da ke tsayawa gaban babbar ƙungiya yana ba da umarni. To wa ke cewa a fara? Numfashi. Mai goge na farko zai ja numfashi ya ɗaga gira, sauran su shiga tare kamar an ƙirga musu. Wanda bai iya saurare ba, ko yatsunsa sun fi walƙiya sauri, ba shi da amfani a nan.

Makaɗa da mawaƙa kimanin 80 ne ke taruwa kowace shekara, su zauna mako bakwai. Mako uku na farko ba a buɗe wa kowa ƙofar wasa. Gwaji ne kawai, safe da yamma. Sai tsakiyar Yuli ake fara wasa a gaban jama'a, ƙarshen mako biyar a jere har tsakiyar Agusta. Abin da ya fi ba ni mamaki ran da na fara zuwa shi ne, yawancin kiɗan da suke shan wahala a kansa ba ya taɓa kaiwa gaban 'yan kallo. Mutum huɗu za su kwashe makonni suna tufka da warwara a kan abu guda, a ƙarshe su ce ya ishe su, sun koyi abin da suke nema, su rufe takarda. Shi ya sa mai sayen tikiti tun da wuri ba ya sanin abin da zai ji, sai saura 'yan kwanaki ake sanarwa. Kuma ɗakin yana cika.

Sarki ya fi ni sanin yadda ake yin makaɗi a gida. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya shekara goma a bayan ubangidansa kafin a bar shi ya buɗe baki shi kaɗai. A nan ma a jikin manya ake koyo, babu aji babu allo. Bambancin shi ne wurin zama. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana zaga duniya zai ɗauki kujerar goge na biyu, ya bar wa yarinya 'yar shekara ashirin da biyu ta farko. In ta ga an ja wani wuri da yawa, za ta faɗa, shi kuma ya ce to a gwada nata a ji. Na taɓa zama a irin wannan gwaji inda aka yi kusan rabin awa a kan abin da bai kai tsawon numfashi uku ba. A raina na ce wannan ai ɓata lokaci ne. Da suka haɗa shi daga farko, sai na ji tsigar jikina ta tashi, na yi shiru da bakina.

Bitar ma haka take. Akan gayyato mai tsara kiɗa ya zauna da su, a kaɗa sabon aikinsa yana wurin da fensir a hannu, makaɗi ya ce masa wannan wurin ba ya zama a yatsa, ya goge ya sake. Pablo Casals, tsohon nan na ƙasar Sifen mai babban goge da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, ya fara zuwa nan a 1960 yana da shekara 83, bai daina ba har 1973, shekarar da ya rasu. A nan ne kuma makaɗa huɗu suka haɗu a 1964 suka kafa ƙungiyar Guarneri, wadda ta yi shekara 45 tana wasa. Tun 1965 ake zaɓar wasu daga cikin abin da ya nuna a nan a zaga da shi biranen Amurka.

Yanzu sai roƙo, kuma ina neman afuwa tun kafin in yi shi. Mun san Sarki ba ya shiga wuri shiru. Amma anjima da dare in an shiga ɗakin wasa na Persons, muna roƙon Sankira ya adana kirarinsa, mai algaita ya bar ta a mota. Kiɗan yakan zo kashi uku ko huɗu, da ɗan tsayawa a tsakani. Wannan tsayawar ba ƙarshe ba ce, ba a tafi sai an ga sun sauke kayansu. Liƙi kuma babu shi sam. Wanda abin ya ratsa shi, ya riƙe kuɗinsa a aljihu, ya yi tafi har hannunsa ya yi ja.

Ga dogarai kuma: a ɗakin cin abinci, inda babba da yaro ke zama teburi ɗaya, suna da wata tsohuwar al'ada ta dunƙule takardar goge baki suna jifan juna. Idan ɗaya ta ɓace hanya ta faɗo kusa da rawani, wallahi ba raini ba ne. A sassauta.

Ranka ya daɗe, ga tsarin yinin. Daga nan za mu taka zuwa gwajin da ake bari jama'a su shiga kyauta, an keɓe wa Sarki kujera kusa da makaɗan, inda zai ji har gardamarsu. Bayan azahar, an tanadi ɗaki na salla, matanmu kuma sun iso da tuwo da miyar kuka tun daga Bronx, don mun san abincin mutanen nan ba ya riƙe ciki. Da dare sai wasa.

Muna godiya da wannan girmamawa da Sarki ya yi mana, ya tako har inda muke neman abinci. Allah ya tsare mana kai, ya ƙara wa masarauta albarka, ya maida kai da tawagarka gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, ga hanya. Sun riga sun fara ɗaure tsirkiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.