Littattafan Tarihin Ginin Hausa: Abin Da Suka Adana Da Abin Da Ya Kuɓuce Musu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena magina da ke zaune can gefe, da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. An ce in yi magana kan littattafan da aka rubuta game da tarihin ginin ƙasar Hausa. Ba su da yawa, kanta ɗaya ma za ta ɗauke su, amma nauyinsu ya fi yawansu.

Zan fara da Dmochowski, mutumin Poland. Wannan bawan Allah ya yi shekaru yana zagaya Nijeriya tare da ɗalibai da ma'aikata, suna auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa, bango bayan bango, suna zana su a takarda. Ya rasu a 1982 bai ga aikinsa a buge ba. Sai a 1990 aka fitar da shi juzu'i uku, na farko kan Arewa. Shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka sake gina kwafin Masallacin Juma'a na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano.

To, ku dubi wannan al'amari. Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830 zuwa 1840, yau tsohon ginin yana cikin cikin wani sabon gini na siminti da aka lulluɓe shi da shi. Wanda ke son ganin yadda surarsa take daga waje, sai ya tafi Jos, ko ya buɗe littafi. Wato takarda ta zama shaida. Shi ya sa ba na yarda a yi wa waɗannan littattafai kallon raini don kawai baƙi ne suka rubuta su.

Akwai na Moughtin mai suna Hausa Architecture, na 1985. Ƙarami ne, kuma shi nake ba ɗalibi ya fara da shi, domin ya bi tsarin gida tun daga zaure zuwa ƙofar gida, zuwa shigifa, zuwa cikin gida, ya nuna yadda kulle da kunya suka shata wannan tsari. Schwerdtfeger kuwa ya zauna a Zariya, ya bi diddigin yadda gida ke girma ko raguwa da aure da haihuwa da rabon gado, daga baya ya yi wani littafin kan zanen adon bangon gidaje.

Yanzu ga inda nake da magana. Littafi zai gaya maka kaurin bango da tsawon bakan gizo, wato lanƙwasasshen bakan da ke ɗauke da rufin ɗaki. Zai faɗa maka cewa azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta, kuma guntuwa ce, don haka sai an ɗora wata kan wata ana ɗaurewa har baka ya haɗu a sama. Duk gaskiya ne. Amma ina littafin da zai koya maka yadda magini ke murza ƙasa a hannu ya ce wannan ba za ta yi tubali ba? Kwana nawa ake barin kwaɓi ya ruɓa? Yaushe makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da shi, ta jiƙu yadda ya kamata? Shi laso, wato shafen da ke kare gini daga ruwa, da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, sunayen kayan kaɗai suka shiga takarda, ma'aunin yana hannun masu shi. Na ga Baba can cikin magina yana murmushi, shi ya san abin da nake nufi.

Cikin namu, Hamman Tukur Sa'ad ya ɗan cike wannan giɓi a kundin digirinsa na uku na 1981, domin ya zauna da magina, ya saurari yadda su da kansu suke rarrabe gwani da wanda bai kai ba. Sai dai shi ma da Turanci ne, kamar sauran. Ɗan magini da ya gaji sana'ar ba zai iya karanta abin da aka rubuta kan kakansa ba.

Wani gyara kuma: galibin littattafan nan sun tsaya a Kano da Zariya da Katsina, kamar iyakar da Turawa suka shata tsakanin Nijeriya da Nijar ita ce iyakar gini. Alhali unguwar Birni a Damagaram ta ƙasar Nijar cike take da zankwaye, wato ƙahonnin saman soro, da adon bango, kuma masallacin Yama da ke yankin Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ginin ƙasa ne, na zamaninmu. Abin da aka rubuta kan wancan ɓangaren mafi yawa da Faransanci yake, ɗalibanmu na nan ba sa kaiwa gare shi.

Saboda haka ɗaliban da ke neman abin bincike, ga aiki: ku ɗauki zanen Dmochowski ku kai wa Sarkin Magina na garinku, ku tambaye shi sunan kowane sashe da yadda ake ɗaura shi, ku naɗi maganarsa da Hausa. An nuna mini agogo, bari mu karɓi tambayoyi.