Amsoshin Tambayoyinku: Baƙin da ke giftawa a tsakiyar bidiyo

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun yau duka daga masu tace bidiyo a kwamfuta suka fito.

Wani matashi ya rubuto yana cewa: "Na haɗa bidiyo na minti 12. Da na fitar da shi sai na ga baƙi yana giftawa a wani wuri kamar ƙiftawar ido. Na koma manhajar na dudduba layin aikin tun daga farko har ƙarshe, ban ga komai ba. Ko kwamfutar ce ta samu matsala?"

To malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Giɓi ka bari tsakanin gutsuren bidiyo biyu, shi ne yake fitowa baƙi ƙirin a allo, kuma da wuya ya wuce firem ɗaya ko biyu. Ka san bidiyo hotuna ne a jere suke gudu, 24 ko 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, kowane ɗaya shi ake kira firem. Mu ce naka 25 ne. Minti 12 ke nan firem 18,000. Ka tattaro su duka ka matse a faɗin allo guda, ina firem ɗaya zai fito? Ko kaurin gashi bai kai ba.

Ga yadda za ka kamo shi. Ka kalli wanda ka fitar, ka rubuta minti da daƙiƙar da baƙin ya gifta. Ka koma layin aiki, inda ake jera gutsuren bidiyo, ka kai allura, wato sandar da ke nuna inda kake a cikin bidiyon, kusa da wurin, sannan ka saki linzami. A manhajojin tace bidiyo na Premiere Pro da DaVinci Resolve, kibiyar sama da ta ƙasa suna tsallaka da kai daga wannan yanka zuwa na gaba, ta hagu da ta dama kuwa firem ɗaiɗai suke tafiya. Idan ka danna kibiyar ƙasa sau biyu amma allurar kamar ba ta gusa ba, to ka iso: yanka biyu ne manne da juna, ɓarnar tana tsakaninsu. Ka buɗa wurin sosai, za ka ga ɗan ramin, ko kuma wani guntun hoto da ya maƙale lokacin da kake yanka. Ka kuma duba maganaɗisun da ke manna gutsure da gutsure, harafin S ne ke kunna shi da kashe shi a Premiere, N a Resolve. Sau da yawa yatsa ne ke kashe shi ba da sanin mai shi ba.

Sai wata baiwar Allah da ke tace hirarraki. Ta ce hirar awa guda takan cinye mata yini, tana jan allura da linzami, ta zarce wurin da take nema, ta dawo, ta sake zarcewa.

Malama, wannan wahalar ni ma na sha ta, kuma haruffa uku ne suka raba ni da ita: J da K da L. Suna jere a kan kibod, ki ɗora yatsu uku a kansu. L gaba, J baya, K tsayawa. Ki danna L sau biyu gudun ya ninka, kuma har lokacin kunnenki yana tsintar abin da ake faɗa, wanda jan linzami ba zai ba ki ba. Da kin ji maganar da kike so, K. Sai ki danne K ɗin kina taɓa J ko L, allurar ta riƙa takawa firem ɗaya bayan ɗaya har ki tsaya daidai inda leɓe ya fara buɗewa.

Ki kuma faɗaɗa layin sauti ki ga zanensa. Tudu magana ce, shimfiɗa shiru ne, ɗan ƙaramin kumburin da ke gaban jimla kuwa numfashi ne. Don Allah kada ki yanka a tsakiyarsa. Ko ki bar shi duka, ko ki cire shi duka, domin numfashin da aka raba biyu kunne yana jin sa ko mai kallo bai san me ya dame shi ba. A zagayen farko ma ba na son ki yanka komai. Ki saurara kawai, kina danna M kina ajiye alama a duk inda magana ta yi daɗi.

Ta ƙarshe gajeriya ce: me ya sa hoton waya ke cijewa idan ana jan allura? Wayoyi da dama da tsarin matse bidiyo na H.265 suke ɗauka, wanda ba ya ajiye kowane firem cikakke, dole sai kwamfuta ta lissafo shi daga maƙwabtansa. Ka sa manhajar ta yi maka kwafi marasa nauyi, waɗanda editoci ke kira furoksi, ka yi aikinka da su. Lokacin fitarwa da kanta za ta koma kan na asali.

Lokaci ya cim mana. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.