Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Al'adu na Jamhuriyar Nijar a Ziyararsa ta Birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Minista, babban baƙonmu na yau, tare da 'yan tawagarka, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, malamanmu, sarakunan sana'a, iyaye mata da 'yan'uwa matasa, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin marina, majema, dukawa, maƙera, makaɗa, marubuta, 'yan fim da masu sana'ar abinci na wannan birni, waɗanda suka ɗora mini nauyin yin magana da yawunsu, ina yi maka barka da zuwa Kano, da fatan ka iso lafiya, ka kuma baro mutanen gida lafiya. Mun zaɓi mu tarbe ka a nan Gidan Makama ne domin ginin yana cikin mafi daɗewa a birnin nan, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a ɗakunansa aka adana kayan tarihin da za ka gani da idonka nan gaba kaɗan.

Ranka ya daɗe, kirarin garin nan shi ne Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Amma duk Bakanon da ya san tarihinsa ya san cewa yawancin abin da ya cika wannan tumbi baƙi ne suka shigo da shi, kuma mutanen ƙasarka suna sahun gaba a cikinsu. Kundin tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda Rumfa ya gada, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa saboda zuwan Abzinawa. A Fagge ayarin raƙuma kan sauke kantu da dabino daga Bilma, su ɗauki hatsi da tufafi su koma. A cikin ganuwa muna da unguwar Agadasawa, wadda sunanta kaɗai ya isa shaida, kamar yadda muke da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi, kowace tana faɗin inda masu ita suka fito. Saboda haka gidan dangi ka sauka, kuma da wannan zuciya muke karɓar ka.

Zan ɗan daɗe a kan rini, kuma ina neman afuwar sauran masu sana'a, domin ni ɗan marini ne, a bakin karofi na tashi. Karofin Ƙofar Mata, da za mu fara kai ka, ana lissafa kafuwarsa daga shekarar 1498. Aikin bai sauya ba tun daga wancan lokaci: a cika rijiyar rini da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a bar su su tsima kwana da kwanaki ana motsawa, har ruwan ya nuna. Daga nan marini ya tsoma zane, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa, a kan idonka launin yana juyawa daga kore zuwa shuɗi har ya kai baƙin da ake so. Matan cikin gida su ne ke ɗaure zanen da zare kafin ya zo karofi, kuma daga ɗaurinsu ne adon yake fitowa, ko da yake ba kasafai ake ambaton su ba. Bayan rini sai mabuga su karɓa, su yi ta bugun ƙyallen da shuni har ya riƙa walƙiya. Turkuɗin da ake yi a garin Kura, da rawanin nan ɗan Kura, har yau Buzayen Agadas da Tawa ne manyan masu sayensu. Baturen Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Agadas da Tasawa ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da garin nan yake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Abin da ke damun mu shi ne, idan ka je yau za ka tarar da rijiyoyi da yawa a bushe, wasu ma shara ta cike su, saboda atamfa mai araha daga waje da kuma rinin sinadari sun karya farashin namu, yaran da ya kamata su gaji iyayensu kuwa sun ga babu abin riƙe gida a ciki, sun kama wasu hanyoyin. Irin wannan ciwon yana damun majema da dukawa, waɗanda jar fatarsu ta taɓa ƙetare hamada har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko.

Daga karofi za mu ratsa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa, inda za ka ga linzami da sirdi da likkafa da jalala. Waɗannan kaya su ne ke raya hawan sallah. Mai kallo daga nesa dawaki da ado kawai yake gani, amma a bayan kowane mahayi akwai baduku da maƙeri da maɗinki da mai rini da suka yi watanni suna aiki. Washegarin ranar Idi akan yi Hawan Daushe, inda Sarki ke zuwa gaida mahaifiya a Babban Ɗaki, ya dawo Ƙofar Kudu a yi masa jafi. Sai Hawan Nasarawa, inda yake ziyartar Gidan Gwamnati ya zaga ta Sabon Gari domin gaisawa da baƙin da suka mai da Kano gida. Sannan a rufe da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau. 'Yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga suna gaba, kakaki da algaita da tambari suna tashi. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya wannan hawa cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mun yi murna ƙwarai, amma ba zan ɓoye maka ba, a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan, kuma duk sallar da ba a hau ba, masu sana'ar da na lissafa su ne suke fara ji a tukunyarsu. Addu'armu ita ce Allah ya zaunar da garin nan lafiya, hawan ya riƙa zuwa a kan lokacinsa.

Kiɗa a Kano ba na fada kaɗai ba ne. Mahauta suna da kalangunsu, mafarauta suna da garaya, 'yan dambe suna da nasu makaɗa, mata suna da kiɗan ƙwarya da shantu a gidajen biki, masu bege kuma suna da mandiri. Idan azumi ya kai goma yara sukan fito tashe, Nalako ya bi gwauraye da nasa wasan, bayan Mauludi da mako guda kuma jama'a su hau Dutsen Dala domin Takutaha. A gefe guda ga sabon zamani: tun daga 1990 da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo a garin nan, sana'ar ta girma har ta samu sunan Kannywood, tana ciyar da dubban matasa, kuma mun sani cewa Maraɗi da Damagaram da Yamai suna cikin manyan masu kallonmu, wasu daga cikin fitattun 'yan wasanmu ma 'ya'yan Nijar ne. Haka nan littattafan hikaya da aka fara bugawa a Kano tun shekarun 1980, waɗanda mata suka taka babbar rawa wajen rubuta su, sun koya wa mutane da yawa karatun boko na Hausa a ƙasashen biyu. Abin da nake tsoro shi ne tsofaffin makaɗan kotso da taushi da kukuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an naɗi abin da ke kansu ba.

Game da abinci, ba za mu cika ka da bayani ba tunda akushi yana jiran ka. Za a kawo maka gurasar Jakara, wadda Larabawa suka zo mana da ita, Kanawa suka mai da ita bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa; akwai waina da miyar taushe, akwai ɗan wake, akwai alkaki da nakiya da dubulan irin na garar amarya, sannan a sauke da fura da nono. Kilishin da za ka ɗanɗana daga Agadasawa yake, kuma mun san a gaban wanda ya fito daga ƙasar kilishi muke ajiye shi, don haka muna jiran hukuncinka. Ko a cikin wannan akushi akwai hannun Nijar, domin albasar Galmi da waken da ake saukewa a Dawanau da dabbobin da mahautanmu ke yankawa da yawa daga wajenku suke zuwa.

Mai Girma Minista, wannan ne ya kawo ni ga roƙon da aka aiko ni da shi. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar 2023 wadda ta kai watan Maris na 2024, masu turkuɗi sun zauna da kaya jibge babu mai saye, masu kilishi sun sayi nama da tsada, makaɗan da ke zuwa biki tsallaken iyaka sun zauna a gida. Ba mu da bakin magana a kan abin da ke tsakanin gwamnatoci, amma muna roƙon ka isar da kukanmu, a sauƙaƙa wa mai ɗauke da kayan sana'ar hannu wucewa, musamman yanzu da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya.

Akwai kuma abin da muke so mu koya daga gare ku. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar masallacinsa ta ƙasa, mai tsawon mita 27, tana nan tsaye saboda magina suna yi mata yaɓe a kai a kai. Tamu ganuwar, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kimanin shekara 900 da suka wuce, tana cikin jerin masu jira tun 2007, kuma kullum ruwan sama da masu gini suna cin ta. Muna so maginanmu su je Agadas su zauna da naku, naku su zo su duba tamu. Mun kuma ji yadda Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ba masu sana'a rumfuna a harabarsa suna aiki suna sayarwa a gaban maziyarta, da yadda cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya ta tara kayan kiɗan gargajiya. Idan ma'aikatarka ta buɗe mana ƙofa, a shirye muke mu turo matasa su koyo, mu kuma haɗa hannu wajen naɗar tsofaffin makaɗan ƙasashen biyu tun suna raye. 'Yan dambenmu ma sun ce in gaya maka suna marmarin ranar da za a gayyace su su yi wasa a gefen kokawar takobi, wadda kuke gudanarwa tun 1975.

Bayan wannan jawabi, Sarkin Marina zai miƙa maka rawani ɗan Kura da aka rina aka buga domin wannan rana, dukawa kuma za su miƙa maka buzu da titimi na jar fata. Daga nan sai mu zaga da kai ɗakunan gidan nan kafin mu kama hanyar Ƙofar Mata. Allah ya sa ka ji daɗin zamanka da mu, ya ƙara danƙon zumunci tsakanin Nijar da Nijeriya, ya mai da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.