Thomas Ott: Mai Tono Haske da Wuƙa

Ku ɗauka kuna kallon wani shafi na littafin labari cikin zane. Baƙi ne ƙirin, sai fararen layuka sirara kamar silin gashi. Wuƙa ce ta yi su, ba alƙalami ba. Aikin Thomas Ott ke nan, ɗan ƙasar Suwizalan da aka haifa a Zurik a 1966, wanda ke zana labaran ban tsoro ba tare da kowa a ciki ya ce uffan ba. A mujallar Strapazin aka fara saninsa, littafinsa na farko kuma ya fito a 1989.

Allon da yake aiki a kai hawa uku ne: kwali a ƙasa, farar ƙasa mai santsi a tsakiya, baƙar tawada a sama. Ana fara zana hoton da fensir a wata takarda, a kwafe shi a kan allon, sannan a ɗauki wuƙar yankan takarda a shiga kankare tawadar. Duk inda tsini ya bi, fari ya bayyana. Sauran masu zane inuwa suke ɗorawa a kan farar takarda, shi kuwa daga cikin duhu yake tono haske.

To, toka-tokan da ake gani a kumatun mutanen da yake zanawa fa? Babu ita a allon, idonku ne ke haɗa ta. Layuka kusa-kusa su ba da haske, nesa-nesa su bar duhu, a gicciye su goshi ya yi ƙyalli. Kuma dole layin ya lanƙwasa yadda ƙashin fuska ya lanƙwasa, in ba haka ba fuskar ta fito a baje kamar faifai.

Nan ne ɗan koyo ke shan wuya. In ya danna wuƙa da ƙarfi, sai ya huda farar ƙasar ya taɓo kwali, wurin ya yi gashi-gashi. In bakinta ya dakushe, tawadar ɓantarewa take yi, layin ya fito da kaushi. Gumin hannu ma yana barin tabo, shi ya sa ake shimfiɗa takarda a ƙarƙashin tafi. Ana iya rufe kuskure da sabuwar tawada, amma ƙasar da aka kankare ta tafi ke nan, gyara ɗaya ko biyu wurin ya gaji. Don haka fari mafi ƙarfi, irin ɗigon da ke cikin ƙwayar ido, sai a ƙarshe.

Labari babu magana ba da shi ya fara ba. Tun 1919 Frans Masereel na Beljiyam ya fitar da littafi mai hotuna 167 da ya sassaƙa a katako. Abin da Ott ya fi gwaninta a kai shi ne jan rai. A littafinsa na 2008, wanda sunansa lamba ce, 73304-23-4153-6-96-8, wani gandiroba ya tsinci 'yar takarda bayan an zartar wa fursuna hukuncin kisa. Daga nan lambobin da ke jikinta suka riƙa ɓullo masa bi da bi, da farko da sa'a, daga baya da masifa.

Ku lura da yadda yake jera akwatunan zanen, wato gidajen da ake raba shafi da su: motsi ɗaya a kowane akwati. Hannu ya miƙa, takarda ta cika akwatin, sai ido ya zaro. A cire na tsakiya, mai karatu ba zai san abin da ya firgita gandiroban ba, tunda babu rubutun da zai gaya masa.